Yadda Ake Tara Samfurin Laikin da Rubuta Masa Bayanin da Ma'adanar Tsirrai Za Ta Karɓa

Laikin shi ne abin nan mai launin toka, ko kore-kore, ko ruwan ɗorawa, da ke manne a ɓawon itatuwa da kan duwatsu, wanda yawancinmu muke haɗa shi da gansakuka mu wuce. Halittu biyu ne suka haɗa zama a jiki ɗaya. Na farko daga dangin naman kaza da funfuna yake, shi ke gina jikin, kuma sunansa ne laikin ɗin yake ɗauka. Na biyu ƙananan ƙwayoyin gansakuka ne da ke ciki suna haɗa abinci da hasken rana. Simon Schwendener, masanin tsirrai ɗan Suwizalan, shi ya bayyana haka a 1867, aka daɗe ana musu da shi kafin a yarda. Nau'o'in da aka sani yau sun kusa 20,000.

Wanda ya ce ya ga nau'i kaza a dutse kaza, magana ya yi kawai. Masu wannan fanni ba sa lissafa ta sai an kawo samfurin an ajiye a ma'adanar busassun tsirrai, inda wani zai iya buɗewa bayan shekara hamsin ya duba da idonsa. Gani ya kori ji. Sai dai samfurin shi kaɗai bai isa ba. Duk kyawunsa, idan babu takardar da ta ce daga ina ya fito, yaushe, a kan me yake tsiro, wa ya ɗebo shi, mai kula da ma'adana ba shi da abin da zai yi da shi. Mafi yawan aikin da ke ƙasa rubutu ne, yankan kansa bai wuce minti biyar ba.

Zan bi nau'i ɗaya daga farko har ƙarshe, wato Parmotrema tinctorum. Na zaɓe shi ne don yana da girma, ya bazu a ƙasashe masu zafi na duniya har da Afirka, kuma gwajin da ake gane shi da shi ana yin sa da ruwan bilicin wanki.

Mataki na 1: Nemo gidan da samfurin zai zauna, kafin ka fita

Mutane kan tara kaya su cika kwali, sannan su fara neman wanda zai karɓa. Juya abin. Fara zuwa wurin mai kula da ma'adanar da ta fi kusa da kai, ko ta sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ce, ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, ko ta jami'ar jiharku. Tambaye shi girman ambulan da suke amfani da shi, da tsarin katinsu, da ko suna karɓar laikin ma. Kowace ma'adana mai rajista tana da gajeren suna a kundin Index Herbariorum da Lambun Tsirrai na New York ke riƙe da shi: ta Ibadan FHI ce, ta Gidan Tarihin Halittu na Landan BM, ta Helsinki kuma H. Da wannan gajeren suna ake ambaton samfuri a duk rubutun kimiyya.

Sai izini. Idan cikin gandun dajin ƙasa ne irin Gashaka-Gumti, takardar hukumar gandun ake nema, a rubuce. Idan gonar wani ce ko itacen ƙofar gida, mai shi za ka tambaya, kuma ka gaida mai unguwa ko dagaci kafin a gan ka kana kankare itace da wuƙa. Idan da niyyar aika wani kashi waje, akwai Yarjejeniyar Nagoya, ta ƙasashen duniya a kan izinin amfani da albarkatun halittu da raba amfaninsu, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, kuma ma'adanar ce za ta bi da kai ta wannan hanya, kada ka saka a jaka ka tafi da kanka.

Kayan aiki kaɗan ne: wuƙa mai ƙarfi, guduma da cizil saboda na kan dutse, gilashin ƙara girma mai ninki 10, ƙaramin gorar fesa ruwa, littafi mai bango mai kauri, fensir, waya mai GPS, da jakunkunan takarda masu yawa. Tsohuwar jarida ma ta yi. Leda ce kawai ba a so, domin laikin mai danshi da ya kwana biyu a leda funfuna za ta cinye shi.

Mataki na 2: Duba, ka rubuta, sannan ka yanka

Laikin na kan ɓawo ya fi son wuri mai raɓa da hazo. Shi ya sa a tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da tsaunukan Shere, da Mambila, za ka same shi ya lulluɓe rassa, amma a ƙasar Kano ko Maraɗi sai ka nema, kuma yawancin abin da za ka samu na kan dutse ne, siriri, mai kama da fenti. Ƙarshen damina ya fi dacewa. Da hunturu ƙura ta rufe shi, ya bushe ƙamas, kana taɓawa yana karyewa.

Idan ka ga wanda kake so, kada ka fara da wuƙa. Saka gilashi a ido ka kawo fuskarka kusa da ɓawon. Parmotrema tinctorum yana shimfiɗe ne sako-sako, kunnuwansa masu faɗi, kusan santimita 1 zuwa 2, bakinsu a zagaye, launinsa toka mai haske. Tsakiyarsa cike take da 'yan ƙananan tsiro kamar an barbaɗa tsaki, su ake kira isidiya. Ɗaga kunne ɗaya ka leƙa ƙasa: tsakiya baƙi ne, gefe kuma ruwan ƙasa ne mai sheƙi, fili fetal babu jijiya. A bakin kunnuwan babu baƙin gashi. Wannan duban na farko shi zai hana ka ɗebo abu uku daban-daban a jaka ɗaya kana zaton ɗaya ne.

Zaɓi wanda ya cika, mai gefe da tsakiya duka, domin gefen yana da nasa alamomin, tsakiyar ma haka. Girman tafin hannu ya isa a raba biyu. Idan shi kaɗai ne a wurin, ɗauki hoto, ka yanki ɓangare, ka bar saura. Idan a bushe yake, fesa masa ruwa kaɗan ka jira minti biyu, zai yi laushi ya kuma koma kore-kore, sai ka zura wuƙa ƙarƙashinsa. Ɗauko shi da siririn ɓawo, amma kada ka kai ga ɗanyen itace. Na kan dutse mai kama da fenti ba ya ɓantaruwa, sai an fasa dutsen da cizil an ɗauko shi da ɓallin, a naɗe kowane ɓalli daban don kada su goge juna a hanya.

Ɗauki hoto kafin ka yanka: ɗaya na itacen gaba ɗaya da abin da ke kewaye da shi, ɗaya na kusa da rula ko kwandala a gefe.

Mataki na 3: Lamba da littafin daji

Kowane samfuri yana da lamba ɗaya, taka ce, kuma ba ta maimaituwa har ƙarshen rayuwarka. Fara daga 1 ka yi ta tafiya. Kada ka sake farawa a sabuwar shekara, kada ka ƙirƙiro lamba mai haɗe da kwanan wata da haruffa da karan tsaye. Sunanka da lambar nan su ne za su haɗa kashin samfurin da ke Zariya da wanda ke Ibadan da hoton da ke wayarka. Rubuta lambar a jikin jakar da fensir, ka kuma jefa ƙaramar takarda mai lambar a ciki. Biro yana zuba idan ya jiƙe, fensir ba ya yi. Idan daga baya ka gano nau'i biyu ne a jaka ɗaya, sai su zama 214a da 214b.

A littafin, a nan gindin itacen, ba da daddare a masauki ba, rubuta waɗannan.

Kwanan wata, da sunan watan a haruffa: 3 Agusta 2024. Idan ka rubuta 3/8, Ba'amurken da zai karanta zai ɗauka 8 ga Maris ne, ya mayar da samfurin damina na rani.

Wuri, daga babba zuwa ƙarami: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, gari mafi kusa, sannan nisa da shiyya daga wani abu da ba ya gusawa. "Jos, a kan itace" ba bayani ba ne. Abin da ake so shi ne irin "kilomita 2 gabas da gadar kaza, a hanyar ƙauye kaza, gefen rafi ta arewa". Gada, mararraba, makarantar firamare, dutse mai suna, duk sun fi "kusa da gonar Alhaji", domin gona tana canja hannu.

Abin da yake tsiro a kai. Nan ne sababbin shiga suka fi yin rowa, alhali shi ne abin da masu bincike suka fi nema. Ɓawo ne, ko dutse, ko ƙasa, ko mataccen itace, ko bangon siminti? Idan itace ne, wanne? Mangwaro, maɗaci, ɗorawa, kaɗanya, darbejiya? Rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa, ka ƙara na kimiyya idan ka tabbata: maɗaci Khaya senegalensis, ɗorawa Parkia biglobosa, kaɗanya Vitellaria paradoxa. Idan ba ka san itacen ba, ɗebo ganyensa ka ba shi lambar da ke biye. A gangar jiki ne ko a reshe, tsayin nawa daga ƙasa, ta wace fuska, a inuwa ko a rana?

Yanayin wurin: kurmin bakin rafi, saura, gonar itatuwa, gefen titi mai yawan manyan motoci, wurin da gobarar daji ta bi bara. Wannan jimla ɗaya tana da daraja, saboda laikin ba shi da saiwa, daga iska da ruwan sama yake samun komai, don haka gurɓatar iska tana saurin nunawa a jikinsa. William Nylander ya lura da haka a lambun Luxembourg da ke Paris tun 1866, kuma a 1970 Hawksworth da Rose suka fitar da ma'aunin gurɓatar iska na Ingila da Wales bisa nau'o'in laikin da ke kan itatuwa. Wanda zai so ya san ko iskar wani gari ta lalace nan da shekara 30, da katinka na yau zai gwada.

Launinsa a jiƙe da a bushe, da yawansa a wurin. Launi yana gushewa a ajiya, tokar nan mai haske takan koma ruwan ƙasa-ƙasa bayan shekaru.

Mataki na 4: Lambobin GPS

Tsaya a gindin itacen ka ba wayar minti ɗaya ta daidaita. Kwafi latitud da longitud a tsarin digiri mai ɗigo, da lambobi biyar bayan ɗigon. Lamba ta biyar kusan mita 1 take nunawa, ta biyu kuwa fiye da kilomita 1, don haka wanda ya taƙaita zuwa biyu ya faɗaɗa wurin ƙwarai. Rubuta kuskuren da wayar ta nuna, misali mita 8, da tsayin wurin daga teku, da tsarin da aka yi awon a kai. Wayoyi WGS84 suke bi. Tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa a kan tsarin Minna aka zana su, kuma lambobin biyun ba sa faɗawa wuri ɗaya daidai.

Akwai wani tarko da ya shafi yankinmu musamman. Jos tana wajen digiri 9.9 arewa, 8.9 gabas. Idan aka juya lambobin wajen kwafi, 8.9 arewa da 9.9 gabas suka fito, ɗigon bai faɗa teku ba, bai ma bar Najeriya ba. Ya sauka ne kimanin kilomita 150 kudu maso gabas, a ƙasa mai kwari da zafi ta wajen Binuwai. Kwamfutar da ke tace bayanai za ta ga ƙasar ta yi daidai ta wuce, laikin ɗin tsauni ya koma na kwari a taswirar duniya. Maganin abin shi ne rubuta N da E a jikin kowace lamba, da kuma bayanin wurin nan da aka rubuta a mataki na 3, wanda shi zai tona kuskuren.

Mataki na 5: Shanya da kashe ƙwari

Da isarka masauki buɗe jakunkunan ka baza su a inuwa inda iska ke bi, kowanne a kan jakarsa don kada lamba ta ɓace. Kwana biyu zuwa uku sun isa. Kada ka sa a rana mai zafi, ko kusa da murhu, ko a na'urar busar da ganye. Ba a kuma danne laikin da ƙarfi yadda ake danne ganye. Mai kunnuwa irin namu, idan ya yi tudu da yawa, a sa shi tsakanin jarida yana da ɗan laushi, a ɗora littafi ɗaya a kai.

Idan ya bushe sarai, sa jakunkunan cikin roba mai murfi ka saka a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har mako guda. Idan wuta ta yi ta ɗaukewa, sake lissafi daga farko. Da ka fitar, bar robar a rufe sai ta huce, don kada raɓa ta sauka a kansu. Kada ka fesa maganin ƙwari, kada ka shafa komai. Sinadaran da ke jikin laikin su ne rabin shaidarsa, duk abin da ka ƙara zai rikita wanda zai gwada daga baya.

Mataki na 6: Gano suna

Fara da siffa a ƙarƙashin gilashi ko madubin ɗakin gwaji, kana bin littafin rarrabewa. Ga masu kunnuwa da masu rassa na Afirka, littafin Swinscow da Krog na 1988 a kan manyan laikin na Gabashin Afirka har yanzu ana buɗa shi, ko da yake sunaye da dama sun canja tun lokacin. Tambayoyin da za ka amsa su ne: isidiya gare shi, ko sorediya, wato gari mai laushi da ke fitowa yawanci a bakin kunne? Akwai gashi a gefe? Wane launi ne ƙasansa? Wane launi ne ɓargonsa, wato abin da ke ƙarƙashin fatar sama?

Sannan gwajin ɗigo. Sinadarai uku ake ɗigawa: Nylander ne ya shigo da biyun farko a 1866, Yasuhiko Asahina na Japan ya ƙara na uku a 1934. Ana kiransu da haruffa. K shi ne potasiyam haidroksaid, giram 10 a ruwa mililita 100. C ruwan bilici ne na wanki, irin su Hypo ko Jik, wanda ba a sa wa turare ko sabulu ba. P kuwa sinadari ne mai haɗari ga fata da lafiya, a bar shi sai a ɗakin gwaji da safar hannu. K ma yana cin fata, a kiyaye ido.

Ga yadda ake yi. Ɓalli ɗan guntu daga samfurin ka ɗora a farar takarda ko gilashi. Kada ka taɓa ɗiga komai a kan babban samfurin, tabon ba ya fita. Ɗauki sabuwar reza ka kankare fatar sama a hankali, wuri kamar ƙwayar shinkafa, har farin ɓargon ya bayyana. Tsoma bakin tsinken sakace a C, ka kai idonka kan gilashi tukuna, sannan ka taɓa. Idan Parmotrema tinctorum ne, farin nan zai koma ja jawur nan take, sannan ya dusashe cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya ɗiga ya juya neman fensir, ya dawo ya tarar da fari, zai rubuta cewa babu canji, kuma ya yi kuskure. Sinadarin lekanorik ne ke kawo jan. A wani guntun, da wani tsinken, taɓa K a fatar sama: za ta yi ruwan ɗorawa, alamar sinadarin atranorin ke nan. K a ɓargo kuwa ba ya canja komai. A rubuce sai ya zama: fata K+ ruwan ɗorawa, ɓargo K−, C+ ja.

Bilici yana mutuwa idan ya daɗe a buɗe ko a zafi, kuma mataccen bilici kullum "babu canji" yake bayarwa. Ajiye guntun samfurin da aka riga aka tabbatar yana yin ja, ka fara gwada ruwan a kansa duk ranar aiki.

Kada jan ya ruɗe ka ka tsaya nan. Parmotrema austrosinense ma ɓargonsa ja yake yi da C, amma sorediya gare shi a bakin kunnuwa, kuma gefen ƙasansa fari-fari ne. Parmotrema crinitum yana da isidiya, amma da baƙin gashi, kuma ɓargonsa da K yake yin ruwan ɗorawa, ba ya ja da C. Parmotrema endosulphureum ma mai isidiya ne, sai dai kana kankarewa za ka ga ɓargon rawaya ne. Siffa da sinadari tare suke ba da suna. Inda aka kasa rabuwa, sai gwajin TLC a ɗakin bincike, wato na rarrabe sinadaran da ke jikin laikin, wanda Chicita Culberson ta daidaita tsarinsa a farkon shekarun 1970. Wannan ne ma dalilin da hoton waya, duk kyawunsa a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu, ba ya maye gurbin samfuri: ba a ɗiga wa hoto bilici.

Idan ba ka tabbata ba, rubuta "Parmotrema sp." ka tsaya. Idan kana kyautata zato, "Parmotrema cf. tinctorum". Ni a wurina samfurin da aka bari a kan sunan dangi ya fi wanda aka liƙa wa cikakken suna da ka, domin na farkon yana kiran masani ya duba shi, na biyun kuwa sai ya shige cikin lissafi shiru. Duba rubutun sunan a Index Fungorum ko MycoBank, rumbunan sunayen funfuna da laikin na intanet, kafin ka buga.

Mataki na 7: Ambulan da kati

Ba a liƙa laikin a babban faifan takarda kamar ganye, a ambulan ake sa shi. Ɗauki takarda A4 mai kauri, marar asid idan da hali. Naɗo kashi ɗaya cikin uku na ƙasa zuwa sama, ka lanƙwasa gefe biyu ciki kamar santimita 3 kowanne, ka rufo na sama ya zama murfi. Zai ba ka kusan santimita 15 da 10. Sa kati mai kauri a ciki ya zama shimfiɗa, ka rubuta lambarka a kansa. Ɗora samfurin, ka juya guntu ɗaya ƙasansa ya kalli sama, ka rufe da takarda mai laushi. Ɓallin dutse da ɓawo ana iya manna su a katin da ɗan gam ta ƙasa. Mai kunnuwa a bar shi sake, saboda mai dubawa zai so ya juya shi. Ban da salatif, ban da sitefula.

Katin bayani a kan murfin ake manna shi. Yawancin ma'adanu da Turanci suke so, bi tsarinsu, amma sunan itace da na wuri a bar su yadda mutanen wurin ke faɗa. A sama sunan ma'adana, sai sunan nau'in da na waɗanda suka raɗa shi: Parmotrema tinctorum (Despr. ex Nyl.) Hale. Sai wuri, lambobin GPS da tsayi, abin da yake kai, yanayin wurin, kwanan wata, sunan mai tarawa da lambarsa. A layi na dabam, wanda ya gano sunan da shekarar da ya gano. Ko da kai ne duka biyun, raba su, domin abin da ka gani a daji ba zai canja ba, sunan kuwa ra'ayi ne da wani zai iya gyarawa. Sakamakon gwajin ɗigo ma ya hau katin, har da waɗanda ba su nuna komai ba.

Raba samfurin biyu ko uku, duk da lamba ɗaya da kati iri ɗaya, a kai ma'adanu daban-daban. Gara, gobara da yoyon rufi ba sa sallama. Ma'adanar za ta ba shi tata lambar rajista, wannan daban take da taka.

Mataki na 8: Shigar da shi kwamfuta

Layi ɗaya, samfuri ɗaya. Kan ginshiƙan kuma a bi tsarin Darwin Core, wanda aka amince da shi a 2009, shi ne GBIF ke karɓa, wato rumbun bayanan halittu na duniya da aka kafa a 2001 mai ofishi a Kopenhagen. Sunayen ginshiƙan ba a fassara su: catalogNumber lambar ma'adana, recordedBy da recordNumber sunanka da lambarka, eventDate kwanan wata a tsarin 2024-08-03, scientificName sunan nau'in, identifiedBy da dateIdentified wanda ya gano sunan da lokacin, decimalLatitude da decimalLongitude lambobin GPS, geodeticDatum tsarin awon, coordinateUncertaintyInMeters kuskuren awon a mita, sai basisOfRecord inda ake rubuta PreservedSpecimen. Ma'adanar ce ke wallafawa da sunanta, ba kai ba.

Abu biyu su kan ɓata aiki a Excel. Yana mayar da lamba irin 3-8 kwanan wata ba tare da ya tambaya ba, don haka mayar da ginshiƙin na rubutu kafin ka fara. Kuma idan ba a adana fayil ɗin a tsarin UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya, Ƙanƙara ta zama abin da babu mai ganewa.

Idan tsofaffin samfura kake shigarwa, ka'idar ita ce a kwafi katin harafi da harafi a ginshiƙin verbatimLocality, har da kuskuren rubutunsa, sannan a sa fassarar yau a wani ginshiƙin. Sunayen wurare sun motsa sosai. Katin da ya ce Benue-Plateau tsakanin 1967 da 1976 aka rubuta shi. Gongola ta rabu zuwa Adamawa da Taraba a 1991. "Plateau State" na kafin 1996 yana iya zama Nasarawa ta yau. Mambila kuwa tana cikin yankin Kamaru ta Arewa da Birtaniya ke riƙo har 1961, don haka katin da ya ce "Cameroons" ba lallai ƙasar Kamaru ta yau yake nufi ba. Idan katin "Jos" kawai ya ce, kana iya sa ɗigo a tsakiyar gari, amma faɗaɗa kuskuren zuwa kilomitoci, ka rubuta cewa kai ka ƙiyasta, da taswirar da ka duba. Kafin ka ce samfurinka shi ne na farko a jiharku, bincika GBIF da rumbun Consortium of Lichen Herbaria, da tsohon sunan da sabon duka.

Mataki na 9: Idan suna ya canja

Zai canja. Nylander ya wallafa wannan nau'i a 1872 da sunan Parmelia tinctorum, daga samfurin tsibiran Kanari. A 1974 Mason Hale na cibiyar Smithsonian ya mayar da shi dangin Parmotrema. Duk ambulan da aka rubuta kafin nan tsohon sunan yake ɗauke da shi, kuma daidai ne a bar shi haka. Ba a gogewa, ba a kankarewa, ba a manna sabon kati a kan tsoho. Ƙaramar takardar gyara ake yankowa, a rubuta sabon sunan, da sunan mai gyaran, da kwanan wata, da dalili a taƙaice, misali "ɓargo C+ ja, isidiya, babu gashi", a sa ta cikin ambulan ko a manna gefenta a ƙasan katin. Wanda ya duba ya yarda da sunan da ke kai ma yana barin tasa takardar. Wanda ya ɓalli guntu don TLC ko gwajin ƙwayar halitta ya rubuta ya ɓalla, da abin da ya samu. A kwamfuta a sabunta scientificName da identifiedBy da dateIdentified, tsohon sunan kuma a mayar da shi ginshiƙin previousIdentifications. Idan akwai kashin samfurin a wata ma'adana, a aika musu da gyaran tare da sunan mai tarawa da lambarsa, don su ma su sa tasu takardar.